Hannu ne ke fara tona asirin shekaru: basilin kaɗai ya isa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masana fata ce da masu sana'ar gyaran farce. Za ka ga mace fuskarta sumul, ba ka ba ta shekara talatin da biyar ba, amma da ta miƙo hannu sai ka ga bayan hannun ya yamutse, jijiyoyi raɗa-raɗa, gaɓoɓin yatsu sun yi duhu, farata suna ɓarewa. Me ke sa hannu ya riga fuska tsufa? Sannan wasu na cewa basilin kaɗai ya wadatar, sauran mayukan duk cin kuɗi ne. Haka ne?

Likita_AB:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Fatar bayan hannu siririya ce, kuma hanyoyin da ke fitar da maiƙon jiki kaɗan ne a wurin idan aka gwada da fuska. Tafin hannu ma ba shi da su ko ɗaya, sai na gumi. Ga shi kitsen da ke ƙarƙashin fatar yana raguwa da shekaru, shi ya sa jijiyoyi ke fitowa fili. Kolajin, wanda shi ke riƙe fata ta yi tsam, yana raguwa kamar kashi 1 cikin 100 duk shekara bayan an girma, mace kuma kan rasa kusan kashi 30 cikin shekara biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Wannan ba mai tsayar da shi. Abin da ke hannun mutum shi ne ruwa da sabulu da rana. Fuska sau biyu ko uku take ganin sabulu a yini, hannu kuwa ya fi a ƙirga.

Famasis_Garba:
Batun basilin, Hajiya, rabin gaskiya ce. Basilin ba ya ba fata ruwa, murfi ne. Yana tare kusan kashi 98 na danshin da ke fita daga fata, babu wani mai da ya kai shi a nan. Amma in aka shafa shi a kan hannun da ya riga ya bushe ƙamas, an rufe tukunyar da ba komai a ciki ke nan. Tsarin shi ne a wanke hannu, a tsane shi da tawul ba tare da dirzawa ba, kafin minti uku a shafa man da ke ɗauke da gilisarin ko yuriya kashi 5 zuwa 10, su ne masu jawo ruwa su riƙe. Basilin ya zo a sama, musamman da dare. Yawan man kuma, a matso shi tsawon gaɓar farko ta manuniya, wajen rabin giram ke nan, ya ishi hannu ɗaya ciki da baya. A fara daga bayan hannu. Yawancin mutane a tafi suke murje man ya ƙare, bayan hannun da ya fi buƙata ya samu ragowa.

Anti_Rabi:
Ƙari a kan na Malam Garba: bayan basilin ɗin dare a sa safar hannu ta auduga a kwana da ita, ko a bar ta awa biyu in ba a iya barci da ita. Dare uku zuwa biyar a jere hannun da ya yi kaushi zai sauko. Kuma a murza basilin ɗin a kan farcen kansa da kewayensa.

Famasis_Garba:
Na manta ban faɗa ba, yuriya tana raɗaɗi a fatar da ta tsage. In akwai tsaga a kan yatsu, basilin zalla har ta haɗe, sannan a koma yuriya. Mai ƙarfi kuwa, kashi 20 zuwa 40, na kanta ne da faso, kada a kai shi bayan hannu.

Nas_Hauwa:
Duk man da za a shafa, in ba a gyara wanki ba, ana zuba ruwa ne a kwando. Fata tana da ɗan tsami nata, a ma'aunin pH tana tsakanin 4.5 da 5.5. Sabulun sanda na gargajiya yana kaiwa 9 zuwa 10, wato ya bar tsami ya koma ɓangaren kanwa, garin sabulun wanki ya fi haka. Duk wanki ɗaya yana kwashe maiƙon da ke liƙe ƙwayoyin fata, kuma sai an ɗauki sa'o'i kafin fatar ta dawo daidai. Kafin ta dawo an sake wani wankin. To, a nemi sabulun ruwa marar ƙamshi mai laushi, ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan, don ruwan zafi yana narkar da maiƙon fata kamar yadda yake narkar da na kwano. Daƙiƙa 20 ta isa. A cire zobe kafin wanki, kumfar da ke maƙalewa ƙarƙashinsa ita ke kawo jan zagayen nan mai ƙaiƙayi. Abin da zai ba wasu mamaki, man tsaftace hannu mai sinadarin barasa kashi 60 zuwa sama, in da gilisarin a ciki, bai kai sabulu da ruwa ɓata fata ba. In hannun ba shi da dauɗar da ake gani, shi ya fi sauƙi ga fata.

Ummu_Hanan:
Nas, ai safar roba da ake sawa don kare hannu wajen wanki ita ma tana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Wasu da ita hannunsu ya lalace.

Nas_Hauwa:
Gaskiyarki, kuma hanya biyu ce. Ko dai jikin mutum bai karɓi robar latas ba, sai ya koma ta naitiral (nitrile), wata robar da ba latas a cikinta. Ko kuma gumi ne ya taru, hannun ya jiƙe a ciki kamar an tsoma shi a ruwa. Maganinsa a sa siririyar safar auduga daga ciki, kada a wuce minti 15 zuwa 20 a jere ba a cire an sha iska ba, in an gama a juya cikinta waje ta bushe. Safar da ta huje ta fi rashin safa illa, don ruwan sabulun zai shiga ya zauna.

Baffa_Sule:
Kada a mai da zancen na mata kaɗai. Hannun makanike da magini ya fi na kowa saurin tsufa. Masu wanke baƙin mai da fetur ko kananzir su daina, yana kwashe maiƙon fata tas, ya bar tsaga a kowace gaɓa. A zuba ɗan man girki a busasshen hannu, a murza minti ɗaya, baƙin man zai narke a cikinsa, a goge da tsumma, sannan sabulu sau ɗaya. Jiƙaƙƙen siminti kuma pH ɗinsa 12 zuwa 13 ne, ƙona fata yake yi a hankali ba a ji sai daga baya, kuma akwai sinadarin kuromiyom a cikinsa wanda in jiki ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan. Safa mai kauri, kuma a ɗauraye nan take in ya taɓa fata.

Zee_zee:
Ba wanda ya taɓo baƙin gaɓoɓin yatsu da Maman Ilham ta ambata. Ana ta yaɗa cewa a dirje su da lemon tsami da suga ko da bakar hoda.

Likita_AB:
Ƙanwata, wannan haɗin ƙara baƙin yake yi. Fata mai duhu, duk abin da ya fusata ta, da ƙarin launi take ramawa. Dirza fusatawa ce. Lemon tsami kuma, in ya taɓa fata aka shiga rana, yana iya ƙona wurin ya bar tabo mai duhu na watanni.

Sai a fara tambayar me ya kawo baƙin. Gaɓa ta ɗan fi sauran yatsa duhu a halitta, don fatar wurin a tattare take. In bambancin ya yi yawa, mafi yawan lokaci man bilicin ne: sauran fatar ta yi haske, gaɓar mai kauri ta ƙi. Kuma mayukan nan su ne babban abin da ke tsofar da hannu da wuri. Masu sitiroyid irin kulobetasol suna sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ta riƙa tsagewa da ƙaramin bugu. Haidirokwinon in aka daɗe ana shafawa yana iya juyewa ya ba da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar fita. Wanda ya daɗe a kan mai sitiroyid kada ya yanke rana ɗaya, fatar za ta yi bore, likitan fata ne zai janye shi a hankali. Akwai kuma baƙi mai kauri da laushi kamar karan-miski, a gaɓoɓi da wuya da hammata. Wannan alamar jiki ba ya jin insulin yadda ya kamata ce, gwajin suga yake nema, ba mai ba.

In ba ɗaya daga cikin waɗannan, a yi haƙuri da yuriya kashi 10 da nayasinamaid (nau'in bitamin B3) kashi 4 zuwa 5 safe da dare, a ba shi wata biyu zuwa uku.

Yaya_Binta:
Ni inda ban gamsu ba shi ne rana. Baƙar fata me za ta yi da man kariyar rana? Wannan ai matsalar fararen fata ce.

Famasis_Garba:
Yaya Binta, kina da hujja ta wani ɓangaren. Launin fata kariya ne, ana ƙiyasta ta baƙar fata da kusan SPF 13 a ma'aunin ƙarfin man kariyar rana, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa. Amma abin da rana ke yi wa baƙar fata dabbare-dabbare ne, wani wuri ya fi wani duhu, kuma shi ne abin da ake kuka da shi a nan. A gwada bayan hannu da cikin damtse na mutum ɗaya, shekarunsu ɗaya, bambancin duk na rana ne da wanki. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 na UVB, hasken rana mai ƙona fata, SPF 50 kusan 98, don haka 30 ya isa in an shafa da kyau. A duba an rubuta yana kare ɗayan hasken, UVA, shi ne mai shiga ciki ya karya kolajin, kuma yana ratsa gilashin taga, masu tuƙi su lura da hannun da ke gefen taga. Matsalar hannu ita ce duk wanki yana tafiya da man, sai an sake.

Yaya_Binta:
To wa zai iya sake shafawa sau goma a yini? A faɗi abin da zai yiwu.

Nas_Hauwa:
Sau biyu ma riba ce: kafin fita da safe, da kuma tsakar rana in za a sake fita. Wanda ke yini a ɗaki nesa da taga ba ya cikin wannan lissafin.

Anti_Rabi:
Bari mu zo kan farce. Farce wani sinadari ne mai tauri, keratin, a jere hawa-hawa kamar takardu, kuma ya fi fata shan ruwa. Ya jiƙa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, in abin ya yi ta maimaituwa sai hawan su rabu daga baki, shi ne ɓarewar nan. Don haka safar da Nas ta faɗa ita ce maganin farko na farce mai gautsi.

Yanka kuma bayan wanka, lokacin da ya yi laushi. Kada a datse shi da cizo ɗaya daga tsakiya, lanƙwasa shi abin yankan yake yi ya tsaga gefe. A bi shi kaɗan-kaɗan daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, a bar farin baki kamar milimita 1 zuwa 2. Sai magogi mai laushi, lamba 180 zuwa 240, ana ja ta fuska ɗaya daga gefe zuwa tsakiya, a busasshen farce. Lamba 100, mai kaushi, na farcen roba ne. Reza ba ta da wuri a nan. Goge saman farce don ya yi sheƙi kuma kada ya wuce sau ɗaya a wata, ana rage masa kauri ne.

Siririyar fatar nan ta gindin farce kuwa, kada a yanke ta. Ita ce ta toshe tsakanin farce da fata. An cire ta, ruwa da ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, sai kumburin gefen farce mai mugunya, in ya daɗe sabon farcen ya fito a gurguje.

Safiyya_Gyaran_Farce:
Anti, a nan zan ɗan saɓa miki. Abu biyu ne ake haɗawa da suna ɗaya. Akwai naɗin fata mai rai a gindin farce, wannan ba a taɓa shi, na yarda. Akwai kuma matacciyar fatar da ke manne a kan farcen tana tafiya da shi. Ita in an jiƙa minti biyar aka sa mai, ana tura ta a hankali da tawul ko sandar katako, abin da ya ɗago ya fita. In ba a cire ta ba jan farce ba ya zama. Sai ɗan zaren fatar da ke tashi a gefe, shi ma a datse shi daga gindi da almakashi mai tsafta. Ja da haƙori shi ke yage fata mai rai.

Anti_Rabi:
Turawa na yarda da ita 'yar nan. Almakashi ne ban yarda ya je gindin farce ba, don mutum goma in ka ba su, tara ba za su bambance mai rai da matacciya ba sai sun ga jini.

Zee_zee:
Fararen ɗigon nan na farce fa? An ce ƙarancin kalsiyam ne. Kuma ƙwayar biyotin, bitamin ɗin nan da ake sha don farce, tana aiki?

Likita_AB:
Ɗigon ba ruwansa da kalsiyam. Ɗan bugu ne ya samu tushen farcen makonni da suka wuce, har da turawar da aka yi da ƙarfi. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, sai wata huɗu zuwa shida ya sabunta gaba ɗaya, ɗigon zai tafi da kansa. Wannan lissafin ya kamata kowa ya riƙe: duk gyaran da aka fara yau, sai bayan watanni za a ga cikakken sakamakonsa. Layukan da ke tafiya daga gindi zuwa baki na shekaru ne, ba cuta ba. Rami a kwance da ya ratsa farata da yawa a layi ɗaya kan biyo bayan zazzaɓi mai tsanani ko babbar jinya. Farcen da ya lotsa kamar cokali, a auna ƙarfen jini.

Famasis_Garba:
Biyotin, ƙananan bincike ne suka nuna miligiram 2.5 a rana na iya ƙara wa farce mai gautsi kauri, hujjar ba ta da ƙarfi. Abin da jikin babba ke buƙata maikurogiram 30 ne kacal, ƙarancinsa kuma ba kasafai ba ne. Haɗarinsa a ɗakin gwaji yake: a 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yawansa yana ɓata sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na bugun zuciya. Gwajin ƙwayar maƙoshi (thyroid) ma yana shafa. Mai sha ya faɗa kafin a ɗebi jininsa. Sannan masu taurara farce da ke da fomaldihaid, tauri suke ba shi har ya daina lanƙwasa, sai ya karye.

Baffa_Sule:
Tunda ana gyara tatsuniyoyi, jan yatsu su yi ƙara ba ya kumbura gaɓa ko kawo amosanin gaɓɓai. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya shekara sittin yana yi wa hannunsa na hagu kaɗai, bai samu bambanci da na dama ba, har aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda ake ba bincike mai ban dariya, a 2009.

Ummu_Hanan:
Baffa, mutum ɗaya ai ba bincike ba ne. Amma dai mun ji. A dawo kan farcen roba da jel, jan farcen nan da ake busarwa da fitila, su ne yayi.

Safiyya_Gyaran_Farce:
Sakawa ba ta kai cirewa ɓarna ba. Wanda ya ɓamɓare jel da hannu, da saman farcensa yake tafiya. A kankare sheƙin sama kaɗan, a shafa basilin a fatar kewaye, a ɗora auduga mai asiton, ruwan goge jan farce, a naɗe minti 10 zuwa 15, abin da ya saki a ture, wanda ya ƙi a sake naɗewa. Asiton yana busarwa ƙwarai, mai ya biyo baya nan take. Kada jel ya wuce mako biyu zuwa uku. In ya ɗago a gefe ruwa na shiga, koren tabon nan da ake gani ƙwayar cuta ce, a cire duka a bar farcen a bushe, kada a rufe shi da wani. Ɗanyen jel kuma kada ya taɓa fata, daga nan ake kamuwa da borin sinadarin akirilet da ke cikinsa, wanda ba ya barin mutum. Tarayyar Turai ma ta hana wani sinadarin jel mai suna TPO daga 1 ga Satumba 2025. Fitilar busarwa UVA take fitarwa, a shafa man kariyar rana minti 20 kafin nan ko a sa safar da aka yanke kan yatsunta. Cewa farce na numfashi ba gaskiya ba ne, daga jini yake samun komai, hutun da ake ba shi daga asiton ne da kankara.

Nas_Hauwa:
Kayan aiki ma. Ciwon hanta nau'in B yana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai. Kowa da abin yankansa, a wurin gyara kuma a tambayi yadda ake tsaftace ƙarafan. Mai ciwon suga kada ya bari a yanka masa fata ko kaɗan.

Likita_AB:
Abu ɗaya kada jan farce ya ɓoye shi: baƙin layi a tsaye. A baƙar fata ya zama ruwan dare, musamman in a farata da yawa ne kuma ba ya canjawa. Amma in a farce ɗaya ne, sabo, yana faɗaɗa ya wuce milimita 3, ko launin ya malalo kan fatar gindi, a ga likitan fata da wuri, akwai kansar da ke farawa haka.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri. To jijiyoyin da suka riga suka fito da tamojin fa, akwai man da ke mayar da su?

Likita_AB:
Jijiyoyi a'a, kitse ne ya tafi, mai ba ya dawo da shi. Allurar cike fata ce ke rufe su, a Amurka an amince da Radiesse don bayan hannu a 2015, Restylane Lyft a 2018, kuma na ɗan lokaci ne, sai an sake. Ƙananan tamoji da dabbare kuwa man retinol, nau'in bitamin A, na taimakawa: kamar ƙwayar wake a raba wa hannu biyu, da dare, sau biyu a mako a farko, mai a sama, a jira wata uku zuwa shida. Mai juna biyu da mai neman haihuwa su bar shi.

Yaya_Binta:
Ni dai har yanzu ina ganin safa da basilin sun ɗauke kashi mafi yawa na aikin. Sauran ƙari ne ga mai hali.

Famasis_Garba:
Ga kaushi da ɓarewar farce, na bi ki, in dai a kan damshi aka shafa. Ga dabbaren rana basilin ba ya yin komai.

Zee_zee:
In an shafa retinol ɗin da dare, za a iya ɗora basilin da safar audugar da Anti Rabi ta ce?

Famasis_Garba:
Kada a haɗa su dare ɗaya. Rufewa tana ƙara masa shiga, fatar ta yi ja ta saɓule, a baƙar fata kuma tabo ne zai biyo baya. Daren retinol mai marar nauyi kawai, sauran dararen basilin da safa.